Wayar da Malam Tsaf Ya Ɗaure

Ina kan sitiyari labarin ya same ni. Na tsayar da motar ma'aikata a bakin shagon mai gyaran takalma, inda na saba ɗaukar Malam Tsaf kowace safiya, sai na ga babbar 'yarsa tsaye a gurbinsa. Ba ta ɗaga mini hannu ba. Na buɗe ƙofa, ta matso ta riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu.

"Baba Direba, kada ka jira shi," ta ce.

Na ce, "Jikin ne ya motsa?"

Ta girgiza kai. Ta ce yana zaune a bakin gado yana ɗaure igiyar takalminsa, ya gama ɗaya bai kai ga ɗayan ba. Mahaifiyarta ta shigo masa da shayi, ta tarar ya jingina da bango kamar mai hutawa.

Motar cike take da ma'aikata. Wata mai aikin naɗe sabulu ta yi salati a hankali daga baya. Na dubi kujerar da ke gefena, wadda ko sabon ma'aikaci ya san ba a zama a kanta, na rasa inda zan sa hannuwana. Haka na daure na kai mutane bakin aikinsu, sannan na juyo da motar wayam zuwa gidansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ma'aikacin wutar lantarki ne a masana'antar sabulun da nake yi wa tuƙi. Sunansa na gaskiya sai a katin aiki, kowa Malam Tsaf yake kiransa, har manaja. In ya buɗe akwatin wuta ya gama aikinsa, za ka ga wayoyin sun kwanta a jere kamar an yi musu kitso. Ba ya iya wuce waya tana reto. Ko gaisuwa ya je gidan mutane ya ga soket ya saki, sai ya zaro sukundireba daga aljihun gaba, mai gida na ba shi labari shi yana ɗaurewa. Motata ma ba ta tsira ba. Muna tafiya zai sunkuya ƙarƙashin rediyo yana tattara wayoyi, in ce, "Malam, mota ce fa, ba ɗakin baƙi ba." Sai ya ce, "Direba, kai dai kalli titi. Ramin da ka faɗa jiya yana nan yana kewarka."

Wannan hali ba a banza ya same shi ba. Maraya ne, ya tashi a hannun kawunsa mai haɗa wutar gidaje. Yana saurayi suna aiki a wani gidan niƙa, abokin aikinsa ya dafa jikin wani injin da ba a ɗaura wa wayar ƙasa ba. Wuta ta riƙe shi, kafin a kai ga kashewa rai ya yi halinsa. Malam Tsaf na tsaye dab da shi, riƙe da filaya. Tun daga ranar ya ɗauki doka guda ya rataya a wuya: duk ƙarfen da ke kusa da wuta sai an ba shi hanya zuwa ƙasa. Yakan ce mini wuta ba mugunta gare ta ba, hanya kawai take nema, in ba ka ba ta waya ba sai ta bi ta jikin mutum. A bayan masana'anta akwai ramukan da aka binne sandunan tagulla, inda wayoyin ƙasa duka suke ƙarewa. In rani ya yi shi ke ɗaukar bokiti ya zuba musu ruwa, don kada ƙasar ta bushe ta daina karɓar wuta. Masu gadi su yi ta tsokanarsa, wai yaushe shukar tasa za ta yi 'ya'ya su zo tsinka.

Matarsa tela ce, mace mai yawan dariya. Ita ta raini ƙaninta, Auta, tun rasuwar iyayensu, saboda haka a gidan Malam Tsaf Auta ya girma, Yaya yake kiransa. Wasa ne tsakaninsu kamar ba surukai ba. Auta yakan saci jiki ya hargitsa masa jakar kayan aiki, ya sa ƙaramar sukundireba a gurbin babba, ya koma bayan ƙofa yana jiran ihu. Malam Tsaf ya buɗe jaka ya ce da matarsa, "Zo ki kwashe ƙaninki kafin in ɗaura masa wayar ƙasa." Ita kuma daga kan keken ɗinki ta ce, "Ɗaura masa mana, ko ma samu lafiya a gidan nan." Da Auta ya kammala makaranta, Malam Tsaf ne ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki a ɗakin kula da injuna.

A masana'antar akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ta fi ɗaki tsawo, wadda ake dafa sabulu a cikinta da tururi. A jikinta akwai ma'aunin zafi. Daga ma'aunin wata siririyar waya ta tafi har ɗakin kula da injuna tana kai wa kwamfuta labari. In kwamfuta ta ji zafi ya yi ƙasa sai ta buɗe bawul ɗin tururi da kanta, in ya isa ta rufe. Aikin Auta shi ne ya zauna gaban allo ya sa ido a kan lambar.

Wata rana da hantsi tukunyar ta yi ambaliya. Tafasasshen sabulu ya kwararo ta baki yana bin matakala. Auta ya fita a guje ya rufe bawul da hannu, ya ƙone tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Sabulun ya lalace, aiki ya tsaya. Da aka tambaye shi, ya ce lambar da ke allo ce ta yi ta rawa, tana nuna tukunya ta huce alhali tafasa take. Manaja ya ce a duba na'urar. In ita ce, babu laifin Auta. In ba ita ba ce, to barin allo ya yi ya tafi hira, ya dawo yana neman abin fakewa.

Malam Tsaf aka ba wa binciken. Da yake mutum ne mai son yin abu a natse, sai ya zaɓi ranar hutu, ranar da injuna duk suke a kashe, babu ƙara, babu mai kiransa. Ya auna wayar da mita daga wannan baki zuwa wancan. Ya zare ma'aunin ya tsoma a ruwan zafi, ya tsoma a na sanyi. Lamba na tsaye cak inda ya kamata. Allah ya sani laifi yake nema a jikin na'urar nan, ya maimaita, ya sake maimaitawa har rana ta karkata. Bai samu ba.

Washegari aka tara su a ofis, Auta na zaune da hannu a naɗe.

"Malam, me ka gani?" in ji manaja.

"Yallaɓai, na'urar lafiyarta ƙalau."

Auta ya juyo ya dube shi. "Yaya, wallahi rawa take yi. Da idona na gani."

"Abin da na auna na faɗa, Auta."

A ranar aka sallami Auta. Bai kwana a gidan ba. Ya kwashe 'yan kayansa ya kama ɗaki a wata unguwa, da hannun ya warke ya kafa rumfar faci a bakin babban titi. Matar Malam Tsaf ba ta yi faɗa ba, ba ta fasa komai na hidimar gida ba. Dariyar ce dai ta ɗauke. In ya yi zolaya sai ta ce "hmm" ta ci gaba da taka keke. Takan je wurin ƙaninta ita kaɗai ta dawo, ba ta ce ga inda ta je ba, shi ma ba ya tambaya. Auta ya yi aure, ya haihu, Malam Tsaf bai taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ba.

Motarmu ta gaban rumfar nan take wucewa safe da yamma. Duk sanda muka doso wurin sai Malam Tsaf ya sunkuya yana neman wani abu a jakarsa, jakar da ko ido rufe ya san inda komai yake. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya ce, "Direba, da na yi ƙarya saboda suruki, gobe wa zai yarda da mitata? Amma in na rufe ido, hannun nan nasa nake gani."

Shekaru suka tura, furfura ta cika masa kai. Sai abin ya sake faruwa. Wannan karon wata mata ce a gaban allo, kuma akwai mutum biyu tsaye a bayanta. Dukkansu suka ga lambar ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗi, tukunya kuwa na huci. Matar ta yi maza ta sa aka rufe bawul, ba wanda ya ji ciwo. Malam Tsaf na ɗakin gyara aka kawo masa labarin. Waɗanda ke wurin sun ce gangar waya ya nema ya zauna a kai.

Da yamma a mota bai taɓa rediyo ba, bai tsokane ni ba. Sai da muka wuce rumfar faci, wannan karon kansa a ɗage, ya ce, "Direba, yaron nan gaskiya ya faɗa."

Na ce, "To sauka ka gaya masa."

"Da me? Da baki? Da bakin nan na kore shi. Sai na gano abin da ya sa lambar rawa, na riƙe shi a hannuna, sannan in je."

Lokacin an kawo sabuwar injiniya, mace mai haƙuri, Baba take kiransa. Ta zo da wata na'ura mai allo da ke zana wutar da ke cikin waya kamar zare. Ita ta fara ce masa, "Baba, ciwon nan ba ya fitowa sai ana aiki. In ka kashe injuna, shi ma ya kwanta." Maganar ta soke shi, don ta faɗi kuskurensa na ranar hutun nan ba tare da ta sani ba. Ta yi masa bayani cewa saƙon da ke bin siririyar wayar raɗa ne, manyan injuna kuwa ihu suke yi, kuma in ihun ya samu ƙofa ya shiga wayar, kwamfuta ba ta iya bambance shi da gaskiya. Su a aikinsu hayaniya suke kiran abin.

Suka yi ta fako tare. A ƙarshe suka lura cewa sai an cika tukunya da sabulu mai kauri, babban injin da ke juya shi ya sha wuya yana canza gudu, sannan zaren da ke allon Injiniya yake komawa kamar haƙoran zarto. Irin wannan sabulun ba kullum ake dafa shi ba, shi ya sa abin yake ɓuya shekara da shekaru. Sun san mai ihun ke nan, saura ƙofar da yake shiga. Suka raba siririyar wayar da manyan wayoyin wuta. Haƙoran zarto na nan. Suka haƙa sabon rami suka binne sabuwar sanda. Suna nan. Ana haka hawan jini ya kama Malam Tsaf, likita ya hana shi hawa tsani, lokacin ajiye aikinsa kuma ya ƙarato. Yakan ce mini, "In na bar wurin nan ban gano ba, shi ke nan, Auta ya zama maƙaryaci har abada." Ya ci gaba da hawa tsanin.

A ƙarƙashin dandamalin tukunyar suka ga wani ƙaramin akwati da fenti ya rufe har ya saje da bango. Ta cikinsa siririyar wayar ta ratsa. Malam Tsaf ya kankare fentin ya buɗe. Ita wannan waya tana da riga ta saƙaƙƙen ƙarfe, aikin rigar shi ne ta tare hayaniya ta zubar da ita a ƙasa. A cikin akwatin an murɗe bakin rigar, an sa masa kan tagulla, an ɗaure a jikin tukunya da noti, an naɗe da koren tef, gwanin kyau.

"Ga ƙofar," in ji Injiniya. Ta ce rigar nan baki ɗaya ake ɗaure ta da ƙasa, can a ɗakin kwamfuta, wannan bakin kuwa a bar shi a sake. In babban injin na aiki, ƙasar da ke nan da ƙasar da ke can ba ƙarfinsu ɗaya ba. Da zarar an ɗaure baki biyu rigar ta zama hanya, wuta ta riƙa bi ta cikinta tana cusa ƙarya a wayar da aka sa ta karewa. "Waɗanda suka girka na'urar da gangan suka bar shi yana reto. Wani ne ya zo daga baya ya ɗaure. Kuma ko waye, Baba, ya iya aiki. Dubi murɗin nan."

Malam Tsaf ya daɗe yana duban murɗin. Ya tuna ranar. Ba da daɗewa ba kafin ƙunar Auta ya buɗe akwatin nan, ya ga ƙarfe na reto kusa da waya, har ya yi tsaki yana faɗin lalacin waɗanda suka girka na'urar. Ya ɗaure shi, ya rufe akwatin, ya tafi yana jin ya tsare ran wani.

"Ni ne," ya ce.

Injiniya ta kwance notin, haƙoran zarto suka ɓace, zaren ya miƙe. Ta mayar, suka dawo. Ya ce ta sake. Ta sake. Sannan ta ce a hankali, "Baba, a aikin da ka koya abin da ka yi daidai ne. Zan ce tsohon haɗi ne, ba sai an ambaci kowa ba."

Ya ce, "Ai an ambaci Auta."

Ya sa filaya ya datse guntun rigar da kan tagullar, ya sa a aljihu, ya tafi ofis da ƙafarsa. Manaja ya saurare shi har ya gama, ya ce an wanke Auta, kuma in yana son aikinsa ƙofa a buɗe take, bari a aika masa. Malam Tsaf ya roƙi kada a aika kowa, shi zai kai saƙon.

Matarsa ya fara gaya wa. Tana kan keke ya ajiye guntun wayar a kan yadin da take ɗinkawa, ya faɗi komai yana tsaye. Ƙafarta ta tsaya.

"Na sani tun ranar," ta ce. "Ni na raine shi. Na san fuskarsa in yana ƙarya."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da mita zan yi gardama?" Ta ɗauki guntun ta juya shi, ta miƙa masa. "Ba ni za ka gaya wa ba, Malam. Ka san inda yake zama."

Ya je. Ba sau ɗaya ba ya je ya tsaya a tsallaken titi, yana hangen Auta na fama da tayoyi, motoci na wucewa tsakaninsu, ya juyo. Ya ce mini ya hau turakun wuta ana ruwan sama bai ji komai ba, amma titin nan ƙafafunsa sun ƙi tsallake shi. Mutumin da bai taɓa barin aiki rabi ba ke nan.

Auta ya zo gaisuwar rasuwa, ya zauna can ƙarshen benci, bai jima ba ya tafi. Bayan an watse matar Malam Tsaf ta kira ni, ta ba ni guntun wayar. Ta ce a aljihun rigar da ya sa da safen nan ta same shi. Na tafi rumfar faci. Na tarar da Auta ya danna tub ɗin taya a cikin kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita. Na gaya masa komai yadda na iya, har da maganar manaja. Bai katse ni ba. Ya goge hannu ya karɓi guntun, da hannun nan mai tabo, ya yi ta dubansa.

"Murɗin Yaya ne," ya ce.

Can ya ce, "Na sha ganinsa a tsallake. Ranar ƙarshe har na kwashe tayoyi daga kan bencin nan, na share." Ya mayar da tub ɗin cikin ruwa. Maganar komawa aiki bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ni ma ban matsa ba.

Yammacin Malam Tsaf na ƙarshe a duniya, jajiberin rasuwarsa, kowa ya sauka daga mota sai ni da shi. Na tsaya a bakin shagon mai gyaran takalma, bai motsa ba.

"Direba, jibi hutu ne. Kana da abin yi?"

"Wankin mota."

"Bar ta, sun saba da datti. Ka zo ka raka ni wurin Auta."

Na ce, "Titi ɗaya za ka tsallaka, Malam. Sai an riƙe maka hannu?"

"Sai an riƙe." Bai yi dariya ba. Ya shafa aljihunsa ya ce, "In ya juya mini baya fa?"

"Sai ka gaya wa bayan. Ai kunnuwansa a gefe suke."

Ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki jakarsa ya sauka. Ya tsaya riƙe da ƙofa.

"Ka zo da wuri, kafin in sake shawara."

"Zan zo."

"Kuma kada ka yi mini hon. In na ji hon zan ce a ce ba na nan. Ka shigo har ciki ka fito da ni."

Na ce, "To, Malam. Zan shigo."